Nawa Gyaran Dokokin Hukunta Masu Laifi Ke Ci Wa Gwamnati? Tambayoyi da Amsoshi Daga Katsina

Duk lokacin da aka ji za a taɓa dokar laifuffuka, a Abuja ne ko a majalisar dokokin jiha, muhawarar gidajen rediyo da majalisun hira ba ta wuce "a tsananta" ko "a sassauta". Maganar kuɗi sai daga baya take fitowa, kuma daga bakin waɗanda abin ya ci musu tuwo a ƙwarya: dangin wanda ke tsare, shaidun da suka gaji da sintiri, ma'aikatan kotu da masu bibiyar kasafin kuɗi. Ga tambayoyin da suka fi maimaitawa.

1. Doka ai rubutu ce a takarda. Ta ina take cin kuɗi?

Rubutun ba shi da tsada. Abin da ke biyo bayansa ne mai tsada. Da zarar an ƙirƙiri sabon laifi ko an ƙara wa tsoho shekarun ɗauri, sai an sami ɗan sandan da zai yi kame da bincike, lauyan gwamnati da zai karanta fayil, alƙalin da zai saurara, magatakardan da zai rubuta, motar da za ta kai wanda ake tuhuma kotu ta mayar da shi, da ganduroban da zai tsare shi. Kowannensu yana cin albashi, motar tana shan mai, mai laifin kuma yana cin abinci kullum har ranar fitarsa.

Kuɗin iri biyu ne. Akwai na sau ɗaya, irin su gini, sayen kayan aiki, horar da ma'aikata, da bugawa da fassara dokar zuwa Hausa. Akwai kuma na kullum, wanda shi ne ke karya gwamnati, domin ba ranar yanke kyalle gare shi ba, balle a ɗauki hoto.

2. Waɗanne dokoki ne ake magana a kansu?

Kashi uku ne. Na farko, masu fayyace laifi da hukuncinsa: finalkod, wanda Arewa ta fara aiki da shi a 1960 kuma Katsina ta sabunta nata a 2021, da dokar laifuffuka ta shari'ar Musulunci da kotunan shari'a ke aiki da ita. Na biyu, masu tsara tafiyar shari'a daga kame zuwa hukunci. A nan ne dokar ACJA ta 2015 take, wato dokar tarayya ta tafiyar da shari'ar laifuffuka, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, jihohi kuma suka yi ta yin nasu a kan tsarinta, har da Katsina a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Na uku, masu kula da abin da ke faruwa bayan hukunci, wato dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019.

Gyare-gyaren da ake ta kawowa ba sa fita daga ƙara tsananin hukunci kan garkuwa da mutane, fyaɗe da safarar ƙwaya, gaggauta shari'a, rage cunkoso a gidajen yari, da kafa 'yan sandan jiha.

3. Wa ke biya, jiha ko tarayya?

Wannan ita ce tambayar da sauran duka suka rataya a kanta. Gwamnatin tarayya ce ke da rundunar 'yan sanda, ita ce kuma ke tafiyar da gidajen yarin Katsina, Daura, Funtuwa da ƙananan da ke wasu garuruwa. Albashin alƙalan Babbar Kotu da na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci yana fitowa ne daga asusun tarayya ta hannun Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa (NJC). Jiha kuma ita ke biyan majistarori, alƙalan kotunan shari'a, lauyoyin Ma'aikatar Shari'a, ma'aikatan kotu da gine-ginen kotunanta. A Fabrairun 2022 Kotun Ƙoli ta yi watsi da buƙatar jihohi ta a mayar musu da kuɗin da suka kashe kan manyan ayyukan kotunan nan.

To ga inda lissafin ya karkace. Sata, rauni, kisa, fyaɗe da mafi yawan abin da ke kai mutum gidan yari laifuffukan jiha ne. Majalisar jiha ce ke yanke musu shekaru, kotun jiha ce ke ɗaurewa, amma Abuja ce ke ciyarwa. Tsohon ministan cikin gida Rauf Aregbesola ya sha nanata cewa kusan kashi 90 cikin 100 na fursunonin ƙasar nan dokar jiha suka karya. Kamar mutum ne ya riƙa karɓar kaya a shago ana rubutawa a littafin maƙwabcinsa. Idan jiha ta ƙara shekarun ɗauri, aljihunta ba ya jin komai. Idan kuma ta zuba kuɗi ta ɗauki lauyoyi ta gaggauta shari'a, ita ta kashe, tarayya ta ci rarar. Duk wanda ya gane wannan ba zai yi mamakin irin gyaran da ke saurin wucewa a majalisa da irin wanda ke kwana a durowa ba.

4. Nawa ake kashewa a kan mutum ɗaya a gidan yari?

Adadin da aka fi sani shi ne na abinci. A 2024 an ɗaga shi daga naira 750 zuwa naira 1,125 a rana. A ƙarshen 2023 ne shugaban hukumar na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa ana ciyar da karen tsaro da naira 800 a rana, fursuna kuwa 750, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce.

A farashin na 2024, abincin mutum ɗaya a shekara ya kama naira 410,625. Idan sabuwar doka ta sa mutum 100 sun ƙara shekara biyar-biyar a ɗaure, abincinsu kaɗai ya haura naira miliyan 205, idan ma farashi ya tsaya cik, abin da duk mai zuwa kasuwa ya san ba zai yiwu ba. Ba a sa albashin gandurobobi, magani, ruwa, wuta, tufafi da man motar kotu ba. Kuma kowa ya san naira 1,125 ba ta ƙosar da baligi sau uku a rana, shi ya sa dangi ke bin ƙofar gidan yari da kwanon abinci (duba amsa ta 14).

5. Me ya sa ake cewa masu jiran shari'a su ne babbar asara?

Saboda su ne mafi yawa. Shekara da shekaru alƙaluman hukumar suna nuna kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba. Gwamnati tana ciyar da mutumin da mai yiwuwa a ƙarshe a sallame shi, ko a yanke masa wata shida bayan ya yi shekara biyu.

Hanyar da ake bi a maƙale sananniya ce. Ana kai wanda ake zargi da fashi ko kisa gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraron shari'ar. Sai ya ba da umarnin a tsare shi har lauyoyin Ma'aikatar Shari'a su ba da shawara. Fayil ya daɗe bai bar ofishin 'yan sanda ba, ko ya isa ma'aikata ya tarar da tari a gabansa, ko an yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Abin da ya tsayar da komai wani lokaci bai wuce kuɗin kwafin takardu da na mota ba. Ga kuma sashe na 35 na tsarin mulki, wanda ya ba duk wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba damar neman diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Idan kotu ta ba shi, wannan ma daga baitulmali ne.

6. Ba an ce ACJA ta magance wannan ba?

A rubuce ta magance. Dokar tarayyar ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, kuma ta ƙayyade sau nawa za a sabunta shi. Ta ce a riƙa sauraron shari'a kullum, idan bai yiwu ba kada kowane ɓangare ya wuce neman ɗagewa sau biyar. Ta ce majistare ya riƙa kai ziyara caji ofis kowane wata ya duba waɗanda ke tsare. Ta hana kama wani a madadin ɗan'uwansa. Ta yi tanadin ɗaukar bayanin amsa laifi a bidiyo ko a gaban lauya, da biyan shaidu kuɗin zirga-zirga, da kafa kwamitin sa ido. Dokokin jihohi sun bi wannan sawu da ɗan bambanci nan da can.

Kowane layi a nan yana da farashi. Katsina tana da ƙananan hukumomi 34. Ziyarar wata-wata tana nufin mota da mai zuwa kowane ofishin 'yan sanda, har waɗanda ke yankunan da hanyarsu ba ta biyuwa sai da rakiya, irin su ɓangaren Batsari, Safana, Faskari da Sabuwa. Bidiyo yana nufin ɗaki, kyamara, wuta, ma'ajiya da wanda ya iya aikin. Shari'a kullum tana nufin ƙarin alƙalai da lauyoyi, domin alƙalin da ke rubuta kowace kalma da biro ba zai gama goma a rana ba. Shaida kuwa, manomin da aka kira daga wani ƙauyen Mai'aduwa ko Baure zuwa kotu, ya bar gonarsa a tsakiyar damina, ya biya kuɗin mota daga aljihunsa, aka ce masa an ɗage, da wuya ya sake dawowa. Shari'ar ta mutu ke nan, wanda ake tuhuma kuma yana can yana cin naira 1,125 kullum.

A ganina kuɗin shaidu da na tafiyar fayil su ne mafi arha a cikin duk jerin nan, kuma su ne suka fi saurin biyan kuɗin sabulu. Amma ba su da allon da za a kafa a rubuta sunan wanda ya yi aikin.

7. Hukuncin kisa ga masu garkuwa da ɓarayin shanu ba ya rage wa gwamnati ɗawainiya?

A 2019 Gwamna Masari ya sa hannu a gyaran dokar da ta tanadi kisa ga masu garkuwa da mutane da ɓarayin shanu. Duk wanda ya san halin da yammaci da kudancin jihar suka shiga ya san dalili. Sai dai ta fuskar kuɗi, shari'ar kisa ita ce mafi tsada. Sai Babbar Kotu, dole wanda ake tuhuma ya sami lauya ko da gwamnati ce za ta samar masa, beli yana da wuyar samu, kuma kusan duk hukuncin sai an bi shi Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli.

Bayan an gama, sai gwamna ya sa hannu kafin a zartar, gwamnoni kuwa suna ƙaurace wa hakan. Rabon da a ji an zartar da kisa a ƙasar nan tun 2016 a jihar Edo. Sama da mutum 3,000 ne ke zaman jiran kisa a faɗin Najeriya, ana tsare su da matakan tsaro masu tsada. Dokar 2019 ma ta ba Babban Jojin jiha damar mayar da hukuncin zuwa ɗaurin rai-da-rai idan mutum ya shekara 10 ba a zartar ba. Ko dokar tana tsoratar da masu laifi, wannan wata muhawara ce. Amma wanda ya goyi bayanta don a rage kashe kuɗi, ya sake lissafi.

8. Tara ba kuɗin shiga ba ce?

Ga wanda zai iya biya. Wanda bai iya ba yakan tafi gidan yari, sai tarar ta juye ta zama bashi a kan gwamnati. Mutumin da aka ɗaure kan tarar naira 20,000, cikin kwana 18 ya cinye ta a abinci.

A Nuwamban 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu taimako don biya musu tara da diyya. A farashin naira 750 na wancan lokaci, abincinsu ya haura naira miliyan 3 a kowace rana. Wato cikin wata shida da 'yan kwanaki, da an cinye daidai abin da aka biya musu. Don haka duk ƙudirin da ya ninka tara ba tare da hanyar biya kaɗan-kaɗan ko musanya ta da aiki ba, cunkoso zai ƙara.

9. To hidimar al'umma da ɗaurin talala fa, su kyauta ne?

A'a, amma sun fi arha nesa ba kusa ba. Dokar 2019 ta raba hukumar gida biyu, masu tsarewa da masu kula da hukuncin da ba na ɗauri ba. Wanda aka yanke wa sharar kasuwa ko asibiti a gidansa yake kwana, iyalinsa ke ciyar da shi, sana'arsa ba ta tsaya ba. Abin da ake buƙata shi ne jami'in da zai bi sawunsa, babur, mai da rajista. Idan babu su, alƙali ba zai yarda ya yanke hukuncin da babu mai tabbatar da shi ba, sai ya koma ga ɗauri. Nan ma matsalar amsa ta 3 ce take dawowa.

10. An ce yanzu jiha na iya gina gidan yarinta. Katsina za ta yi?

A Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya fitar da gidajen yari daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, tare da wutar lantarki da jiragen ƙasa. Dama ce aka bayar, ba tilas ba. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa: har zuwa 1968 En'e ce ke riƙe da gidajen yarinta a masarautu, da Yari da ma'aikatansa, kafin gwamnatin soja ta haɗe su a hannun tarayya.

Gini kaɗan ne daga cikin nauyin. Babban gidan da Buhari ya buɗe a Janguza ta Kano a 2023, mai ɗaukar mutum 3,000, aikin tarayya ne na shekaru. Bayan gini sai ma'aikata, fansho, abinci, asibiti da gyara. Rashin gyara ma yana da nasa farashin: a Afrilun 2024 ruwan sama ya rushe katangar gidan yarin Suleja fursunoni sama da 100 suka tsere, a Satumban shekarar kuma ambaliyar Maiduguri ta yi irin wannan ɓarna. Duk da haka akwai wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Ranar da jiha ta fara ciyar da waɗanda kotunanta suka tsare, ranar ce kwamishinan kuɗi zai fara tambayar kwamishinan shari'a me ya sa fayil ke shekara a kan tebur.

11. Mene ne haɗin 'yan sandan jiha da wannan lissafi?

Kowane sabon jami'i sabon kame ne. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma na jihar, kuma an kai maganar gyara sashe na 214 na tsarin mulki don ba jihohi 'yan sanda gaban Majalisar Tarayya. Lissafin da ake yi yakan tsaya a kan albashi, motoci, babura da makamai. Amma duk wanda aka kama sai ya bi ta hannun mai bincike, lauya, alƙali da ganduroba. Idan an faɗaɗa ƙofar shiga aka bar ta fita yadda take, sakamakon shi ne abin da amsa ta 5 ta bayyana. Dokar 2019 ta ma ba shugaban gidajen yari na jiha ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan wuri ya cika kuma an sanar da hukumomin shari'a ba su yi komai ba cikin wata uku.

12. Kuskure wajen rubuta doka yana jawo asarar kuɗi?

Ƙwarai. ACJA ta zo da wani sashe da ya ba alƙalin da aka ɗaga zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara damar dawowa ya ƙarasa shari'ar da ya fara. Da shi aka yi amfani aka ɗaure tsohon gwamnan Abiya Orji Uzor Kalu shekara 12 a Disamban 2019, a shari'ar da aka fara tun 2007. A Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta ce sashen ya saɓa wa tsarin mulki, ta rushe hukuncin. Aikin shekara 12 na lauyoyi, shaidu da kotu ya bi ruwa.

Haka a 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙi sa hannu a gyaran dokar hukumar NDLEA, saboda wani sashe da zai ba hukumar damar riƙe wani kaso na dukiyar da ta ƙwato, maimakon zuba ta a asusun gwamnati.

13. Akwai ƙasashen da ke lissafa kuɗin kafin su zartar da doka?

Akwai. Majalisar Amurka tana da ofishin kasafi tun 1974 wanda ke ƙiyasta abin da ƙudiri zai ci. A jihar Bajiniya ta Amurka, duk ƙudirin da zai ƙara yawan fursunoni sai an lissafa shi an ware masa kuɗi. A Ingila, ma'aikatar da ke son ƙirƙirar sabon laifi sai ta auna nauyin da zai ɗora wa kotuna da gidajen yari. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Afirka ta Kudu, wadda ta sa aka yi wa ƙudirin shari'ar yara lissafi dalla-dalla, aka kwatanta kuɗin tsohon tsari da na sabo, kafin majalisa ta zartar da shi a 2008.

Aikin ba ya buƙatar wata babbar na'ura. Rajistar kotuna tana da adadin ƙararraki, gidan yari yana da adadin mutane da kwanakinsu, ma'aikatar kasafi tana da albashi. Babu abin da zai hana majalisar dokokin Katsina ta sa a dokokin zamanta cewa ƙudirin da ya taɓa hukunci ba zai kai karatu na biyu ba sai da takardar lissafi a maƙale.

14. Idan gwamnati ba ta ware kuɗin ba, wa ke cike giɓin?

Mai ƙara da wanda ake ƙara. Kowa ya san "kuɗin mai", "kuɗin fayil" da "kuɗin sammaci", ya kuma san allon da ke cewa beli kyauta ne. Wani ɓangaren cin hanci ne tsagwaronsa, wani kuma aiki ne da doka ta wajabta amma kasafi bai tanada ba. Akwai Hukumar Ba da Lauya Kyauta tun 1976, sai dai lauyoyinta ba su isa ko kusa ba. Magidancin da ke tsare kuma, gona ta kwana, yara sun bar makaranta, an sayar da akuya ko fili. Wannan asarar ba ta fitowa a kowane kasafi.

Yajin aikin ma'aikatan kotu na 2021, wanda ya rufe kotunan ƙasar nan daga Afrilu zuwa Yuni kan neman 'yancin kuɗi ga ɓangaren shari'a, ya nuna haka ƙarara: wata biyu babu zama, babu beli daga kotu, amma tukunyar gidan yari ba ta sauka ba.

15. Idan majalisa ta kira zaman jin ra'ayin jama'a, me ya kamata in tambaya?

Ka fara da adadi: mutum nawa ake sa ran wannan gyara zai ƙara kaiwa kotu a shekara, kuma kwana nawa zai ƙara musu a tsare? Sai ka tambayi wace ma'aikata ce za ta ɗauki kowane sabon aiki, a wane layi na kasafinta yake, kuma na shekara ɗaya ne ko na dindindin. Idan ƙudirin ya kafa kwamiti ko hukuma, ka nemi a nuna maka sashen da ya faɗi inda kuɗinta zai fito. Idan an ce gyaran zai kawo rara, ka tambaya rarar wa, jiha ko tarayya, kamar yadda amsa ta 3 ta nuna.

Bayan an zartar, kada ka tsaya a kan adadin da aka karanta ranar gabatar da kasafi. Jihohi suna wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku a shafukansu na intanet. Ka nemi layin Ma'aikatar Shari'a, na Babbar Kotu da na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, ka kwatanta abin da aka ware da abin da aka saki, musamman a ɓangaren kuɗin gudanarwa, inda man mota da kuɗin shaidu suke.